Masu gida da baƙinsu: ƙungiyoyin wasa na Jihar Kano, jiya da yau

Da kwamitin wannan mujalla ya ce in rubuta wani abu na tarihi saboda bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, na san labarin goro da kanwa da shanu suke jira, ko kukan da muka saba yi a kan shingayen hanya. Akwai dattawan da suka fi ni sanin waɗannan. Ni ƙwallo na zaɓa. Kafin Alhazai su ce na raina taro, su tuna cewa duk daren da mota ta kwana a bakin iyaka ana jiran takarda, in an gama ƙorafin canjin sefa da naira, hirar ƙwallo ce ke kai mu asuba. In kuma hirar ta bar Turai ta dawo gida, ko a Maraɗi ake yin ta, ko Damagaram, ko Garwa, ko zangon Kumasi, da wuya a watse ba a ambaci Kano Pillars ba. Kano ce kasuwar da ta haɗa yawancinmu, don haka ƙungiyoyinta ba baƙi ba ne ga kowa a cikinmu.

Kirarin da magoya baya ke yi wa Pillars shi ne "Sai Masu Gida". Wanda ba ɗan kasuwa ba zai ɗauka 'yan gari kawai ake nufi. Mu kuwa mun san maigida a fatauci wani abu ne daban. Shi ne wanda kake sauka a wurinsa in ka iso garin da ba naka ba, ya ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, in an ɗauki kayanka bashi ya tsaya maka. A wasu wuraren fatoma ake ce masa. Da abu biyu ake auna shi: ƙarfin aljihunsa, da yadda yake riƙon baƙo. Da wannan mudu nake so mu auna ƙungiyoyin da Kano ta yi, waɗanda suka mutu da waɗanda ke raye.

Ƙwallon ƙafa ya shigo Kano ne ta hanyar da gyaɗa ta bi ta fita. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da sito, akawuna da ma'aikatan reluwe suka cika Sabon Gari, makarantun boko suka fitar da yara fili. Tun daga farko, wasan na wanda ke biyan albashi ne. Duba Kofin Gwamna, wanda aka fara a Legas a 1945, daga baya ya koma Kofin Ƙalubale. Waɗanda suka ci shi a shekara 8 na farko su ne ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa, da ta reluwe, da ta kamfanin UAC, da ta wani banki mai suna Pan Bank. Dukkansu a Legas suke, kuma kowacce da maigidan da ke ciyar da ita.

A 1953 aka karya wannan layi. Zaɓaɓɓun 'yan wasan garin Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, kofin ya bar Legas a karo na farko. Sun sake kai wa wasan ƙarshe a 1954 da 1955, Kalaba ta kayar da su a na farko, Fatakwal a na biyu. A lokacin Kano lardi ce, jiha sai a 1967. Kuma da wani ya gaya wa waɗanda suka yi murna a 1953 cewa sai bayan shekara 66 wannan kofi zai sake kwana a Kano, da sun ce ba shi da lafiya.

Ƙungiyar da ta fara ɗaga sunan Jihar Kano ita ce Raccah Rovers, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin yaran yanzu ba su san ta ba. Sunan Raccah kuwa tsofaffin 'yan kasuwar Kano sun san shi tun kafin ya shiga fili. Sunan gidan Saul Raccah ne, Bayahude daga Tarabulus, garin da ayarin Kano ya daɗe yana kai wa fata da gashin jimina ta hamada. Ya zauna a Kano ya shiga sayen gyaɗa, kuma a shekarun 1930 ya zama ƙashin da ya tsaya wa manyan kamfanonin Turawa a wuya, domin ya yi gogayya da su a cinikin da suka ɗauka nasu ne su kaɗai. Wato ƙungiyar da ta fara kawo wa Kano kofin gasar lig sunan baƙon ɗan kasuwa take ɗauke da shi, wanda ya tsallako iyaka ya zo neman arziki kamar kowannenmu.

Shekara uku ta yi tana tashe. A 1977 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, IICC Shooting Stars ta Badun ta hana ta. A 1978 ta ci gasar lig ta Najeriya. Kafin ita, ƙungiyar Arewa guda ce ta taɓa yin haka, wato Mighty Jets ta Jos a 1972, ita ma ta ɗan kasuwa ce, Alhaji Isyaku Ibrahim. A shekarar 1978 ɗin ne kuma abin da har gobe tsofaffi ke ba da labarinsa ya faru. Ƙungiyar Fluminense ta Birazil ta zo rangadi Najeriya a watan Afrilu, zuwan nata ya dace da ziyarar Pele, wanda a lokacin ya riga ya yi ritaya. Aka shirya wasa a Kaduna tsakanin Fluminense da Raccah Rovers, Pele ya sa rigar Fluminense ya shiga fili. Baƙin suka ci 2 da 1. Ba wanda ya damu da sakamakon. 'Yan Kano sun taka leda da Pele, kuma sun zura ƙwallo a ragar 'yan Birazil.

A 1979 Raccah ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka, ta kai zagayen ƙungiyoyi 8 na ƙarshe, US Gorée ta Senegal ta fitar da ita. 'Yan uwanmu na Kamaru da Gana ba sa buƙatar a tuna musu yadda aka ƙare a waccan shekara: Union Douala ce ta ɗauki kofin bayan ta doke Hearts of Oak ta Ankara a bugun fenariti.

Daga nan sai tauraruwar ta fara dusashewa, kafin shekarun 1980 su ƙare babu Raccah Rovers. Ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ya yi kasuwa a lokacin ya tuna yadda kuɗin mai ya ja baya, aka shiga tsuke bakin aljihu, sannan a 1986 aka karya darajar naira, wanda ke da kaya a sito ya kwana attajiri, wanda ke da bashin sefa a kansa ya kwana matsiyaci. A wannan tsakani manyan ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin su Leventis United da Abiola Babes, waɗanda suka gama cin kofuna, aka wayi gari an rufe su. Ƙungiyar ƙwallo ba ta da sito, ba ta da kayan da za a karyar a biya bashi. Ranar da mai ciyar da ita ya gaji, ko ya yi fushi, ko kasuwa ta juya masa baya, ranar take mutuwa. Mu da muka ga manyan shaguna sun bi masu su kabari, wannan ba sabon karatu ba ne a wurinmu.

A 1990 Najeriya ta fara gasar ƙwararru, wadda ɗan wasa zai riƙe ƙwallo a matsayin sana'a da kwantiragi da albashi. Kano ba ta da ƙungiya guda mai ƙarfin shiga. Abin da take da shi ƙungiyoyin ma'aikatu ne: WRECA, ta hukumar jiha mai gina madatsun ruwa da haƙa rijiyoyi, da ta Bankin Arewa, da Kano Golden Stars. Sai aka narkar da ukun aka fitar da guda, aka sa mata Kano Pillars. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan aiki. Dabarar ta yi kyau, kuma lokaci ya nuna haka, domin shi kansa Bankin Arewa a 2006 ya narke a cikin Unity Bank. Da ƙungiyar ta dogara da shi, da ta bi shi. Amma a lura da abin da ya canja. Daga wannan rana maigidan ƙwallon Kano ya zama gwamnatin jiha, 'yan kasuwa suka koma 'yan kallo.

Kada 'yan uwa na ƙetare su yi mana dariya, domin tsarin ɗaya ne a ko'ina. A Nijar, in ka karanta sunayen zakarun shekarun baya za ka ɗauka jerin ma'aikatun Yamai ne: soja, da 'yan sanda, da kamfanin mai na SONIDEP, da kamfanin lantarki na Nigelec. Har duwan na da tata ƙungiyar, kuma ta ci gasar a 2013 da 2015, abin da ya sa wani abokina na Maraɗi yake cewa shi ma yana da kaso a kofin tunda bai taɓa fashin biyan haraji ba. A Kamaru, Coton Sport ta Garwa a bayan kamfanin auduga take goye. Bambancin Pillars shi ne ba ta ɗauki sunan ma'aikata ba, sunan gari ta ɗauka, kuma garin ya karɓe ta da gaske.

Shekarun farko babu abin a zo a gani sosai. A 1991 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci ta 3 da 2. Sai a 2008, a hannun koci Kadiri Ikhana, ta ci gasar lig, shekara 30 cif bayan Raccah.

Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda ba za a manta ba. A ƙarshen 2008 Al Ahly ta Masar ta doke Coton Sport a wasan ƙarshe ta ɗauki kofin zakarun Afirka karo na 6, 'yan Garwa suka kwana da takaici. Bayan 'yan watanni, ƙuri'a ta haɗa Al Ahly ɗin nan, mai su Abutrika, da Pillars, wadda a lokacin ne ta fara leƙa gasar. A Kano aka tashi 1 da 1, kowa ya ce shi ke nan, sai a je Alƙahira a karɓo hukunci. A Alƙahira aka tashi 2 da 2. A dokar wancan lokaci, in aka yi kunnen doki a jimla, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawa shi ke wucewa, don haka mai riƙe da kofi ta fita, Pillars ta wuce. Ni a teburin mai shayi na ji sakamakon, a bakin iyaka, muna jiran gari ya waye a buɗe mana. Wani direban Kamaru da ko sunan ɗan wasan Pillars ɗaya bai sani ba shi ya fi kowa ihu, yana cewa an rama musu. Shi ya biya kuɗin shayin kowa.

A zagayen rukuni aka haɗa Pillars da Zesco ta Zambiya da manyan ƙungiyoyin Sudan biyu, Al Hilal da Al Merreikh, duka na Omdurman, wato sau biyu ƙungiyar Kano ta sauka a ƙasar da dubban Hausawa suka yi zango a hanyar Makka suka zauna. Ta fito daga rukunin ta kai wasan daf da na ƙarshe. Abin haushin shi ne ba Balarabe ba ne ya tare ta, ba kuma ɗan Kongo ba. Heartland ta Owerri ce, 'yar gida, ta lallasa ta 4 da nema a can, ta zo Kano ta ƙara mata 1.

A kakar da ta biyo baya wani yaro ɗan Jos ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar. Ahmed Musa ke nan. Kafin shekarar 2010 ta ƙare ya tafi VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA ta Mosko, daga nan Leicester ta Ingila, ya ci Ajantina ƙwallo 2 a gasar duniya ta 2014, ya ci Iceland 2 a ta 2018. Kafin shi Sani Kaita ma daga Pillars ya tafi Holan. In na kalli wannan sai in tuna dalar gyaɗa. Mu ke nomawa, mu ke ɓarewa, mu ke ɗinke buhu, amma man a can ake matse shi, ribar ma a can take zama. Sai dai akwai buhun da bai taɓa hawa jirgi ba, wato Rabi'u Ali, wanda 'yan Kano suka laƙaba wa Pele. Ya shafe shekaru yana sa rigar Pillars har ya zama tsara ga iyayen wasu abokan wasansa, kuma in ka tambayi ɗan kallo na gaskiya wanda ya fi so tsakanin su biyun, kada ka yi mamakin amsar.

Pillars ta ci gasar lig sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, biyun farko a hannun Mohammed Babaganaru, na ukun a hannun Okey Emordi. Kafin ita Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne kaɗai suka taɓa yin haka. Amma wanda ya karanta waɗannan shekaru a takarda kawai bai san nauyinsu ba. A ranar 20 ga Janairun 2012 aka kai wa Kano harin da ya kashe fiye da mutum 150 a yini guda. A Maris na 2013 bam ya tashi a tashar motocin Sabon Gari. A Nuwamban 2014 aka kai hari babban masallacin Juma'a na birni. Waɗannan su ne shekarun dokar hana fita da shingen buhunan yashi a kowace kwana, shekarun da da yawa daga cikinmu muka daina kwana a Kano, muka koma aiko da kuɗi a ɗora mana kaya daga Kwari da Singa da Dawanau ba tare da mun taka garin ba. A cikin wannan hali ne mutane ke tsayawa a layi a laluba su, su shiga filin Sani Abacha su cika shi. Ina ganin a tarihin Kano ba a taɓa yin lokacin da gari ya buƙaci ƙungiyarsa kamar wannan ba, kuma ƙungiyar ba ta ba da kunya ba.

A Afirka dai ba ta sake kai inda ta kai a 2009 ba. Wanda ya fi ciwo shi ne na 2013, da ta ci AC Léopards ta Kongo 4 da 1 a Kano, ta je can aka ci ta 3 da nema, dokar da ta fitar da Al Ahly ta juyo ta fitar da ita.

Wannan ya kawo mu ga maganar gida. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, wasa 202 na lig Pillars ta yi a gida ba a doke ta ba, sai da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2 da 1. Shekara 12 ke nan. Abin alfahari ne, kuma ƙwarewa na ciki, da zafin rana, da ihun mutum dubu goma sha wani abu a kan baƙo. Amma tunda a tsakaninmu muke, bari in faɗi abin da kowa ya sani. A gasar Najeriya ta wancan zamani kusan kowace ƙungiya zaki ce a gidanta, kyanwa a waje, kuma alƙalin wasan da ke son ya koma wurin iyalinsa lafiya yakan yi tunani sau biyu kafin ya busa wa masu gida laifi. Ba a Kano kaɗai ba, ko'ina. Kasuwar da baƙo ya san ba zai taɓa cin riba a cikinta ba, ko ta cika ta batse, akwai abin da ke damun ta.

A shekarar 2015 ɗin ne kuma 'yan wasan suka ɗanɗani abin da muke ɗanɗana. A watan Maris, suna hanyar Owerri don wasan farko na kaka, 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, 'yan wasa 5 suka jikkata, har da Gambo Mohammed mai ci musu ƙwallo. Zakarun ƙasa sau uku a jere, a mota suke ratsa Najeriya kamar lodin albasa.

Kofin Ƙalubale kuwa sai da ya wahalar da Kano kafin ya dawo. A wasan ƙarshe na 2018 a Asaba, Pillars ta ci Enugu Rangers 3 da nema, har an fara buga waya gida a ɗora tukunya. Rangers ta farke duka ukun, ta ci a bugun fenariti. Na san mutumin da ya kashe rediyo ana 3 da nema don ya je sallah, ya dawo ya tarar da shagon maƙwabcinsa kamar gidan makoki. A shekara ta gaba, ranar 28 ga Yulin 2019, a Kaduna, aka tashi babu ci da Niger Tornadoes ta Minna, Pillars ta ci 4 da 3 a fenariti a hannun koci Ibrahim Musa. Bashin 1953 ya biyu.

Murnar ba ta yi wata guda ba. A watan Agusta gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa, rufewar da ta kai mu har Disamban 2020, kuma ba sai na gaya wa kowa a wannan ƙungiya abin da ta ci mana ba. A cikin watan ne Pillars ta kara da Asante Kotoko a gasar Afirka. Kano da Kumasi, bakin hanyar goro da ƙarshenta, hanyar da kakanninmu suka yi ta bi da jakuna zuwa Gwanja. A Kano Pillars ta ci 3 da 2, a Kumasi Kotoko ta ci 2 da nema ta wuce. 'Yan ƙwallo sun tsallaka ta sama, motocinmu na jibge a ƙasa. Mutanen zango kuwa har yau ban samu wanda ya gaya mini gaskiyar wadda ya goya wa baya a ranar ba.

Ba ƙwallon ƙafa kaɗai ke amsa sunan Pillars ba. Akwai ta ƙwallon hannu, akwai kuma ta ƙwallon kwando, wadda ta ci gasar Najeriya sau da yawa, kuma a 2016 ta zo ta uku a gasar zakarun kulob na Afirka a Alƙahira. In lambar yabo ta nahiya ake ƙirgawa, 'yan kwando sun kawo abin da 'yan ƙafa ba su kawo ba, amma su wa ke zuwa kallonsu? Duka aljihu ɗaya ke ciyar da su, kuma ƙaramin ɗa shi ke jiran ragowar tuwo.

Daga 2020 al'amura suka karkace. Annobar korona ta sa aka mai da filin Sani Abacha wurin killace marasa lafiya, Pillars ta koma Kaduna tana karɓar baƙi a gidan aro. Ranar da ta dawo Kano, a Afrilun 2022, da Katsina United ta kara. Wasan bai ƙare lafiya ba, 'yan kallo suka shiga fili, aka farfasa motar baƙin. Hukumar gasar ta cire wa Pillars maki 3, ta kore ta zuwa Abuja. A ƙarshen kakar, mai kofin lig 4 ta faɗa rukuni na biyu. Ta dawo a 2023, ita da Katsina United ɗin a tare. A mudunmu na fatake, maigidan da yaransa suka fasa motar baƙo ya gama yawo, ko da kuwa shi ya fi kowa sito a garin, domin labari zai riga baƙon isa gida.

Saura mudu na farko, wato aljihu. Gwamnati maigida ce da ba ta mutuwa, shi ya sa Pillars ta haura shekara 30 alhali Raccah ba ta kai ko'ina ba. Amma maigida ce da ke canja fuska duk bayan zaɓe, kuma kowace sabuwar fuska da nata mutanen da za ta ɗora. Ƙungiyar da ta san albashi zai fito daga baitulmali ko an sayar da tikiti ko ba a sayar ba, ba abin da zai tilasta mata ta koyi ciniki. Garin da ke da Kwari da Kurmi da Dawanau, a ce rigar ƙungiyarsa ta gaskiya ta fi ta Chelsea wuyar samu a kasuwa, wannan laifinmu ne mu 'yan kasuwa kafin ya zama na kowa. Ba ina cewa wani Alhaji ya fito ya saye ta ba, mun ga ƙarshen wannan hanya a shekarun 1980. Al Ahly da muke alfaharin mun fitar, ta mambobinta ce, su ke biyan kuɗin shekara, su ke zaɓen shugabanni, kuma tun 1907 take tsaye. Mu da muka riƙe adashi da asusun taimakon juna a tsakanin ƙasashe masu kuɗi daban da doka daban har muka kai ga wannan biki, ba mu da bakin cewa irin wannan tsari ya fi ƙarfinmu.

A halin da ake ciki, tsohon salon ya sake leƙowa. Barau FC, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa, ta hau babbar gasa a 2025, Kano ta samu ƙungiya biyu a sama, ɗaya ta gwamnati, ɗaya ta mutum guda. Ahmed Musa, wanda ya dawo Pillars a 2021 ya sake dawowa a 2024, an naɗa shi babban manajanta a 2025 alhali bai ajiye takalmi ba. A Oktoban shekarar, Shooting Stars ta Badun, wadda ta hana Raccah kofi a 1977, ta zo Kano ta farke ƙwallo ana daf da tashi, aka sake shiga fili, aka taɓa alƙalai da baƙi. Aka sake cire maki 3, aka rufe wa Pillars filinta na Ƙofar Mata, aka ce ta je ta riƙa karɓar baƙinta a Katsina, garin da aka fasa wa mota shekara uku kafin nan. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Jibiya bai kai kilomita 100 ba, daga Kano kuwa ya haura 150, don haka a wancan zama na aro 'yan uwanmu na Maraɗi sun fi mutanen Fagge kusa da Masu Gida.